Fita Kallon Halittar Allah Ma Ibada Ce



Yaushe rabonki da ɗaga kai ki dubi sama don yin tunani? Girki, wanki da hidimar yara sun cinye mana yini, alhali a Suratul Gashiya Allah (SWT) Ya ja hankalinmu ga raƙumi, sama, duwatsu da shimfiɗar ƙasa, don mu gane ikonSa.

Ba sai an tsallaka wata ƙasa ba. Idan damina ta kankama a watan Agusta, ki lallaɓi maigida ya fita da ku bayan gari, ko ta hanyar Daura. Ki nuna wa yara gero da dawa sun yi kore shar a filin da ya bushe ƙayau da bazara. Ki ce musu: “Wanda Ya rayar da ƙasar nan, Shi zai tashe mu bayan mutuwa.” Wallahi wannan darasi ya fi bulala zama a zuciyar yaro. Idan kun je Dam ɗin Ajiwa, su ga ruwan da Katsina ke sha, su koyi godiya, su daina ɓarnarsa.

Amma fa a kiyaye: hijabi cikakke, buta da darduma a mota, kada salla ta wuce. A riƙe hannun yara a bakin ruwa. A bincika lafiyar hanya tukuna, a guji yankin dajin Rugu, a dawo kafin magariba; rai amana ne.

Allah Ya sa idanunmu su zame mana hujja ranar gobe. Amin.