Matar Gaya da Matar Malanville

Jama'ar Malanville, akwai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a tashar manyan motoci, lokaci ya yi da za a fito da ita fili. A Turai da Amurka an samu masu cewa namiji ko mace na iya tara masoya da yawa ba tare da aure ba, muddin kowa ya sani ya kuma yarda. Wannan ba tafarkinmu ba ne, sunansa zina a addininmu. Amma kafin mu yi tir da na nesa, mu dubi abin da ke gudana tsakanin nan da Gaya.

Direba ya taso daga Kwatano, uwargida na Kandi, ya ajiye wata a ɗakin haya bayan kasuwa, ga ta uku a tsallaken kogi, ba wadda ta san da 'yar'uwarta. Wata an ɗaura a ɓoye, wata zaman dadiro ne kawai. Da aka rufe gadar da ke tsakanin nan da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ciniki ya tsaya, asirai suka tonu. Mun ga mace da goyo ta hau kwalekwale tana cigiyar mijin da ya daina aiko da cefane.

Suratun Nisa'i ta halatta har huɗu, amma da sharaɗin adalci: rabon kwana, ci da sha, sutura, muhalli. Wane rabon kwana za a yi wa matar da ake ɓoyewa?

Ga kuma abin da yawancinmu ke sakaci da shi. Tun 2004 dokar iyali ta Jamhuriyar Benin mace ɗaya ta sani, wadda aka rubuta aurenta a ofishin magajin gari. Ran da maigida ya faɗi ya mutu, amaryar da aka ɗaura wa aure a masallaci kaɗai ba ta da hujjar gado a gaban kotu.

Malamai, kada ku shafa fatiha ba waliyyi, ba shaidun kirki. Iyaye, ku binciki baƙon da ya kawo goro, ku aika garinsu. Kai kuma Alhaji, in za ka ƙara, faɗa wa uwargida da bakinka kafin ta ji a gidan suna. Kowane yaro a yi masa takardar haihuwa da sunanka, kuma abin da za ka mallaka wa amarya, ka rubuta shi a gaban shaidu tun kana da rai.