Wa Ke Zaɓa Wa Kare Magani?

'Yan'uwana mata, na san wata za ta ga kan maganar nan ta taɓe baki ta ce, duk matsalolin da ke damunmu a rasa abin rubutu sai kare? Ki yi haƙuri ki biyo ni. Yanzu gidaje da yawa, musamman a sababbin unguwanni, maigida zai kawo kare saboda ɓarayi, ya ɗaure shi a lungu ya yi ficewarsa kasuwa. Wa ya bar wa? Ke ce mai zuba masa ƙanzo da ruwa, ke ce kuma za ki fara lura ranar da ya ƙi ci.

Ran da ya kwanta kuwa, sai masu ba da shawara su yi ca. Wannan ta ce a dafa ganyen darbejiya a yi masa wanka saboda ƙuma da kaska. Ni ba ni da ja a kan wannan, haka ma inuwa da ruwa mai tsabta da share makwancinsa, ai rabin lafiyarsa ke nan. Su kansu Turawan Amurka da Ingila wasunsu sun koma neman saiwa da ganye don karnukansu. Amma sai ki ji wata ta ce a shafe ƙazuwarsa da baƙin man mota, alhali lashewa zai yi, guba ce. Wata ta ce a cusa masa tafarnuwa da albasa saboda tsutsar ciki, ba ta san suna lalata jinin kare ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, in ke kika sha sassaƙe, jikinki ne, da kanki kika zaɓa, in ya murɗe miki ciki kina da bakin faɗa. Shi fa? Yana ɗaure, abin da aka miƙo shi zai haɗiya. A ganina duk wanda ya ɗaure dabba ya karɓi amanar da ta fi ta mai baki nauyi, ba shi da ikon yin gwaji a kanta don kawai maganin ya fi araha. Tun muna Islamiyya muka ji labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Ƙyamar yawunsa daban, haƙƙinsa daban.

To balle a zo kan haukan kare. Wallahi wannan babu ganyen da ke yi masa, in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan kullum sai dai likkafani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutane kimanin 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ga shi kuwa tun 1885 wani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya yi wa yaro allurarsa ya tsira, kuma a nan Vom kusa da Jos ana yin rigakafin karnuka. Wadda ta ce ita da gargajiya kaɗai ta yarda, ta zaɓa wa karenta ne kawai? Ta zaɓa wa almajirin da zai leƙo da ƙoƙonsa, da ɗan maƙwabciya da ƙwallonsa ta faɗo tsakar gida, ba tare da ta tambayi iyayensu ba.

Ki matsa wa maigida ya kai shi asibitin dabbobi duk shekara, a adana katin. In kuma tsautsayi ya sa ya ciji wani, ko yakushi ne, kar a tsaya ƙona gashinsa ana shafawa. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a nufi asibiti a ranar.