Wa Za Mu Sa Ya Fito A Mugu?

Tun da Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, marubutanmu da yawa suka koma rubuta wa kyamara. Ƙa'idar da ake koya mana ita ce wadda Syd Field ya shimfiɗa a Amurka a 1979: labari kashi uku, gabatarwa da rikici da warwarewa, shafi guda minti guda. Akan kuma nemi jarumi da mugun da zai tare masa hanya.

To, mu ɗauko abin da ya same mu a nan Abare. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinari aka riƙa kawowa gida ana dakawa, ƙurar ta kwanta a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Wa zai fito a mugu? Uban da ya ɗauko buhun dutse don ciyar da iyali, shi ne kuma ya raka ɗansa makwanci? Ita kuwa ƙura ba ta da fuskar da kyamara za ta kama.

Mai shirya fim zai ce a ƙirƙiro wani azzalumin dillali, in ba haka ba 'yan kallo su watse. A kasuwance yana da gaskiya. Amma mu a ganinmu mai kallo zai tashi hankali kwance, yana zaton an kama mai laifi.

Warwarewar ma haka take. Likitocin MSF sun zo, an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidaje, amma yaron da gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa da ita ya girma. Mu a kansa za mu ajiye shafin ƙarshe, yana zaune a bayan aji yana fama da haɗa baƙi.