Niyyar uba da niyyar ɗa a ƙofar karatun likita

 

Duk shekara da an fitar da sakamakon bakaloreya, magana ɗaya ke tashi a gidaje da yawa, daga Damagaram har Tawa. Yaro ya ci, uba ya ce sai likita. Wani lokaci ba a ko tambayi yaron ba, an riga an kira ɗan'uwa a Yamai a ji yadda ake shiga sashen kiwon lafiya na Jami'ar Abdou Moumouni.

Babu laifi a son wannan ilimi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa shi cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumid Din: in gari ya rasa mai yin sa, alhakin yana kan kowa. Har ya yi kuka da mutanen zamaninsa da suka bar likitanci suka yi tururuwa zuwa fiƙihu, don ta nan ake samun alƙalanci da kula da waƙafi da kusantar sarakuna. A lokacinsa an guji likitanci don ba ya kawo girma, yau ana rububinsa don yana kawowa. Cutar zuciyar ɗaya ce, riga kawai ta sauya.

Saboda haka uba ne ya kamata ya fara zama da ransa. Me yake so? A sami mai duba matan ƙauyensu in naƙuda ta yi tsanani, ko a riƙa nuna shi a wurin ɗaurin aure ana cewa ga baban lokotoro? Rai gwani ne wajen lulluɓe na biyun da mayafin na farko. Ma'aunin ba wuya: ya ƙaddara an tura ɗan nasa wani ƙaramin asibitin karkara, ba lantarki, albashi ba yawa. In yana jin zai ruga neman wanda zai mayar da shi Yamai, to ya san abin da ya shuka.

Shi kuma ɗa, biyayya ga iyaye ibada ce babba, kuma wanda ya shiga karatun don faranta wa mahaifiyarsa ya shiga da niyya mai lada. Sau da yawa ma son aikin yakan zo daga baya, ranar da ya fara ganin yaron da sanƙarau ya kayar ya tashi zaune. Amma akwai mutum na uku da ba ya wurin shawarar, kuma shi ne zai biya kuɗinta: majinyaci. Da damina, in zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin yara a Maraɗi har ana kwantar da biyu a gado ɗaya, likitan da ya ƙi aikinsa a zuci yakan huce a kan uwar da ta zo da ɗa a goye. Tsawar da aka yi mata, wani kasonta yana wuyan wanda ya tilasta.

Ɗan da ya tabbata ba zai iya ba, ya faɗa tun ba a ɓata shekaru ba, da murya ƙasa. In bakinsa ya yi nauyi, ya nemi baffa ko muƙaddamin zawiyarsu ya kai maganar, su same shi bayan wazifa, lokacin da zuciyar tsoho ta yi laushi.