Haƙorin Dariya Shi Ke Cizo

Ran da za a ba da hutu a makarantarmu ta nan Gwadangaji, muka ce bari mu yi wa yara abin da zai sa su tafi gida da farin ciki. Muka rataya farin ƙyalle a bango, muka haska musu katun uku na zamanin Yaƙin Hitila. Katun, ga wanda bai sani ba, zane ne da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan bambanta da na gabansa. In aka gudanar da su da sauri sai ido ya ga kamar suna motsi. Kadan an yi zane 12 domin kowace daƙiƙa, wasan minti bakwai zai ci zane fiye da 5,000. 'Yan aji shida, ku lissafa ku gani.

Na fari Tom da Jerry ne na 1943, kyanwa da ɓera suna yaƙi da ƙwai da kwalabe. Aka yi dariya, aka wuce, ba wanda ya ce kome.

Na biyu na Disney ne, shi ma na 1943. Agwagwan nan Donald Duck ya yi mafarki wai a ƙasar Hitila ya ke, ana ba shi burodin da sai da zarto ya ke yankuwa, ana tasa shi da bakin banati zuwa ma'aikatar harsashi, kuma duk hoton Hitila da ya gilma sai ya ɗaga hannu ya yi gaisuwa, har ya zautu. Yara suka yi ta faɗuwa don dariya.

Na uku na Warner ne na 1941. Zomon nan Bugs Bunny ne da wani maharbi baƙar fata, wanda aka zana da leɓɓa kamar faifai, yana jan ƙafa, yana jan magana. A ƙarshe zomo ya fito da 'ya'yan caca ya cinye bindigarsa da tufafinsa. Nan ma aka yi dariya, amma tana tafiya tana raguwa, har wata yarinya daga baya ta ce, "Malam, wannan ai mu aka zana."

To, daga nan ra'ayi ya rabu. Maigadinmu, dattijo ne, ya ce shi bai ga abin ta da jijiyar wuya ba. Da suna yara, in ji shi, su kan taka har Birnin Kebbi kallon majigi, abin da ya ba su dariya su yi, ba su tambayar wa ya yi shi. Wani abokin aikinmu ya ce a goge na ukun nan, kada yaro ya ƙara ganinsa. Waɗansu yara kuwa suka ce ai wayon zomo suka yi wa dariya, kamar yadda a ke yi wa Gizo in ya yaudari kura. Tambayar da ta rage mana ita ce, ko mutum ya kan yi laifi da dariya, alhali ba da nufinsa ta ke zuwa ba?

Mu Hausawa ba baƙin zolaya ba ne. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzage, in sun haɗu a kasuwa sai wannan ya ce wancan bawansa ne, a yi ta raha, a rabu lafiya. Me ya hana faɗa? Abin da ya hana, kowa yana da bakin ramawa. Wanda aka jefa yau shi zai jefa gobe, kuma a gaban idonsa a ke yi, ba a bayansa ba. Wasan tashe ma haka ya ke. Yara su kan kwaikwayi mai rowa ko tsoho mai budurwar zuciya, watau hali a ke tsokana, abin da mutum zai iya bari in ya so.

Mu ɗauki ma'aunin nan mu auna katun na biyu. Hitila yana da rediyo, yana da runduna, yana da masu zanensa. Ba a rasa masa bakin ramawa ba. Abin da aka yi wa dariya kuma aikinsa ne: tilasta wa mutane gaisuwa, da mai da ɗan Adam kamar ƙusar inji. Dariya irin wannan makamin marar ƙarfi ce, gama azzalumi ba abin da ya ke ƙi kamar a daina tsoronsa. Amma fa a cikin wannan wasan ɗin har wa yau an zana mutumin Japan da manyan haƙora da tsukakkun idanu. Wannan kam ba aikinsa aka zana ba, halittarsa ce. Kada a ce zane ne kawai. A 1942 Gwamnatin Amurka ta kwashe mutane wajen 120,000 'yan asalin Japan ta tsare su a sansani, galibinsu haifaffun ƙasar ne. Ba mu ce katun ya tsare su ba. Sai dai mutumin da ka saba yi wa dariya kowane mako, ba wuya ka ga ana tafiya da shi ka yi shiru.

Maharbin nan fa? Shi bai yi kome ba sai zama baƙi. A zamanin nan, a jihohin kudancin Amurka, baƙar fata in ya shiga silima sai ya hau can sama inda aka ware masa, ya zauna ya kalli kansa ana wulakanta shi. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, bayan shekara biyu zuwa uku da yin wannan zane, samarin ƙasarmu suna cikin dazuzzukan Bama, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suna mutuwa a gefe guda da masu zanen. Sai a 1968 kamfanin United Artists ya janye irin waɗannan katun guda 11 daga talabijin, wannan na cikinsu.

Saboda haka ba mu bi bayan maigadi ba, ko da ya ke muna girmama shi. Gaskiya ne dariyar farko ba ta neman izni, kamar atishawa ta ke, ba mu kuma ɗora wa yaran nan laifinta. Amma ta biyu, wadda a ke yi bayan yarinya ta ce "mu ne", wannan da saninmu mu ke yinta, a kanmu ta ke. Majigin da ya tuna ma ba a yi shi da shawararmu ba. William Sellers, wanda aka ba shugabancin ofishin fim na ƙasashen mulkin Ingila da aka kafa a 1939, ya ɗauka Ba'afirke ba zai gane hoto ba sai an tafi da shi sannu sannu kamar jariri. Ga 'yar shekara goma sha biyu ta gane abin da mai zane bai yi tsammanin za ta gane ba.

Ba mu kuma bi bayan abokin aikinmu ba. In muka goge, yara za su girma suna zaton duniya ba ta taɓa kallonsu haka ba, ran da suka gamu da shi a waje kuwa ba malami kusa. Ban da wannan, laifi tudu ne. A ajinmu akwai yaro mai in'ina, mun san sunan da a ke kiransa in mun juya baya. Mun san yadda a ke kwaikwayon Hausar wanda ba da ita ya tashi ba, da yadda ɗan birni ke yi wa wanda ya kawo itace daga ƙauye. Suratul Hujurati ta yi hani ga izgili, kowa a cikinku ya biya ta a makarantar allo. Da wane baki za mu tuhumi mai zane na Amurka, mu ƙyale wannan?

Mun shirya in an dawo hutu za mu sake haska na ukun. In an kai inda zomo ya fito da 'ya'yan caca za mu tsai da shi, mu ba kowa takarda ya zana yadda maharbin zai rama. Maigadi ya ce a ajiye masa kujera.