Tawakkalin Mai Kiwon Murjani

Murjani halitta ce mai rai: yana ci, yana girma, yana mutuwa. Mu da muka tashi muna ganin jan murjani a wuyan iyayenmu mata ranar biki mun ɗauka dutse ne mai daraja, alhali na ainihin ƙashin wata dabba ce da ake tsamowa daga ƙarƙashin teku, mafi shahara daga Bahar Rum. Danginsa na ruwan ɗumi, irin na Bahar Maliya, su ne yanzu ake kiwo a falo cikin tankin gilashi, da fitila da famfo da gishirin kanti. Wannan kiwo ya tayar mini da wata tsohuwar tambaya: idan abin da ke hannunka yana lalacewa, yaushe janye hannu yake zama tawakkali, yaushe kuma yake zama sakaci?

Ɗan wana da ke aiki a Jidda ya haɗa irin wannan tanki, na kuwa sauka a gidansa bayan Umra daidai lokacin da abin ya fara rikice masa. Akwai wani reshe na nau'in Akurofora, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, bakinsa shuɗi. Fari ya kama shi daga gindi yana hawa sama, naman yana saɓulewa yana barin ƙashi fari fat. Kowace safiya yaron zai ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ya riƙa ɗiga sinadari yana ƙirgawa a hankali har ruwan ya juya launi, ya rubuta lamba, ya yi tsaki. A ƙarƙashin tankin kuwa kwalabe ne jere, kowace da alƙawarin da aka rubuta a jikinta.

"Baffa, na rasa yadda zan yi da shi," in ji shi. "Duk abin da aka ce in saya na saya."

Na ce, "To ɗana, anya ba abin da ka saya ɗin ne ya yi masa yawa ba?"

Sai an san yadda murjani yake rayuwa kafin a gane maganar. A cikin naman jikinsa akwai ƙananan tsirrai na dangin gansakuka da ido ba ya gani. Su ke karɓar haske su haɗa abinci su ba shi mafi yawan abin da yake rayuwa a kai, kuma da su yake samun yawancin launinsa. In ya takura, da zafi ko da hasken da ya fi ƙarfinsa, sai ya kore su ya koma fari, yunwa ta fara cinsa. Masu harkar suna riƙe gishiri a kan giram 35 a kowace lita, zafi wajen digiri 25 zuwa 26, kalsiyam tsakanin 400 da 450, ƙarfin kabonet da suke kira KH tsakanin 7 da 11. Amma duk wanda ya daɗe a cikinta zai gaya maka tsayuwar lamba wuri guda ta fi lambar kanta muhimmanci. KH da ya zauna a 7 ya fi wanda ke tsalle daga 7 zuwa 10 a wuni ɗaya. Sabon tanki kuma ba shi da zama ɗaya. Ƙwayoyin bakteriyar da ke juya dafin amoniya zuwa naitiret suna buƙatar sati 4 zuwa 6 kafin su kafu, sauran ƙananan halittun da ke daidaita ruwa kuwa sai an yi watanni.

Yaron ya ga fari, ya ƙara haske. Ya ga gansakuka a jikin gilashi, ya zuba maganin da ya shanye fosfet har awo ya nuna sifiri, bai san tsirran da ke cikin murjanin suna buƙatar ɗan kaɗan daga ciki ba. Ya ga KH ya sauka, ya ɗaga shi lokaci guda. Garin neman gira ana shirin rasa ido. Da yake ya canza abu uku a tare, ko da murjanin ya farfaɗo ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wani rabo a babin tawakkali na Ihya'u Ulumiddin da na ga kamar don wannan tanki ya yi shi. Ya kasa sabubban kawar da cuta gida uku. Akwai tabbatattu, kamar ruwa ga mai ƙishirwa da abinci ga mai yunwa, barinsu ba tawakkali ba ne, haramun ne ma in ana tsoron halaka. Akwai na zato mai rinjaye, kamar ƙaho da shan magani, yin su bai saɓa wa tawakkali ba. Sai na wahami, waɗanda amfaninsu hasashe ne kawai, su ne mai tawakkali yake bari. Tsaftataccen ruwa da tsayayyen gishiri da zafi suna gida na farko. Rage haske da canza kashi 10 cikin 100 na ruwa a mako suna na biyu. Yawancin kwalaben nan na ƙarƙashin tanki suna na uku, kuma abin mamaki su zuciya ta fi raja'a a kai, don suna sa mutum ya ji ya yi wani abu. Ɗan wana bai gaza a ƙoƙari ba. Fargabarsa yake yi wa magani, murjanin yana biyan kuɗin.

Kada malalaci ya ji wannan ya yi murna. Akwai wanda zai bar tanki sati biyu bai auna komai ba, ruwa ya ƙafe gishiri ya hau, in komai ya mutu ya ce haka Allah Ya ƙaddara. Ban yarda da wannan ba. Shari'a ta halatta tsare dabba, malamai sun kafa hujja da hadisin ƙaramin yaro Abu Umairu da ɗan tsuntsunsa. Amma kusa da shi akwai hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi nata ba. Wanda ya raba murjani da teku ya ɗauki nauyin duk abin da teku ke yi masa kyauta: igiyar ruwa, hasken rana, daidaiton da ba ya motsi. Wani zai ce ai murjani ba shi da ƙwaƙwalwa, ba ya kuka. Gaskiya ne, amma ban taɓa jin an ce amana ta rataya a kan kukan abin da aka ba ka ba.

Nauyin nan kuma ba ƙarami ba ne. A 1991 mutum 8 suka shiga wani katafaren ginin gilashi a Arizona ta Amurka, mai suna Biosphere 2, aka rufe su na shekara 2 da daji da gona da ƙaramin teku mai murjani, don a ga ko ɗan Adam zai iya haɗa duniyarsa da kansa. Iskar oksijin ta yi ta raguwa daga kashi 21 zuwa wajen 14, har sai da aka hura musu daga waje a 1993. Ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne ke shanye ta, simintin ginin kuma yana haɗiye iskar kabon da suke fitarwa, shi ya sa aka daɗe ba a gano inda take tafiya ba. Surar Rahman da ta ambaci murjani ita ce kuma ta yi maganar mizanin da Allah Ya kafa, ta hana a ƙetare shi. Ni dai ban fahimci girman wannan mizani daga karatu ba kamar yadda na fahimce shi da na ga ɗan wana yana gumi a kan ruwan da bai cika ganga biyu ba.

Hukuncina shi ne janye hannu yana zama tawakkali ne kawai ga wanda ya auna, ya rubuta, ya tsayar da tabbatattun sabubba, sannan ya gyara abu ɗaya tak ya jira sati guda ko biyu ya ga amsar da halittar za ta ba shi. Mai sha'awar wannan kiwo ya bar tankinsa ya yi watanni kafin ya sa Akurofora, ya fara da murjani mai laushi da ke jure kuskure. Wanda ya san ba zai iya awo kowane mako ba, don Allah ya bar shi a kanti.