Majami'ar da Sarki Ya Gina

Karatu: Amos 7:10-17; Ezra 8:21-34

Akwai wata magana da ta kan taso a taron dattawan Ekklesiya, ta kan kuwa raba kawunansu. In mai-iko ko mai-dukiya ya kawo babbar kyauta domin ginin ɗakin sujada, mu karɓa, ko mu mayar masa? Waɗansu su kan ce kuɗi ba ya da ƙabila, a karɓa a yi godiya. Waɗansu kuwa su kan ji tsoron abin da zai biyo baya. Ba mu ne farkon waɗanda maganan nan ta dama ba. A wannan wata muna so mu duba labarin wani mulki da Turawa masu sunan Kirista suka kafa a Urushalima shekara ɗari tara da suka wuce, inda sarakuna suka ba Ekklesiya ƙasa da dukiya, Paparoma kuma ya ba ta takardun kāriya. Mu ga abin da ta samu, mu ga kuma abin da ta biya.

Yadda Mulkin Ya Kafu

A shekara ta 1095 Paparoma Urban na II ya yi kira a ƙasar Faransa, ya ce mayaƙan Turai su tashi su ƙwato Urushalima. Suka ɗinka alamar gicciye a rigunansu, suka kama hanya. Ran 15 ga Yuli, 1099, suka shiga birnin, suka karkashe Musulmi da Yahudawa masu-yawa, har mata da yara. Ba mu da abin fahariya a nan. Ubangijinmu ya umurci Bitrus ya mayar da takobi kube, waɗannan kuwa da sunansa suka zare shi. A kan jinin nan ne aka kafa mulkin.

Shugabansu na fari, Godfiri, ya ƙi a kira shi sarki a birnin da aka sa wa Almasihu rawanin ƙaya. Shekara ɗaya kaɗai ya yi, ya mutu. Ƙanensa Baldwin bai ƙi ba. Aka naɗa shi sarki a Baitalami ran Kirsimati, 1100.

Kyautar Sarakuna

Sarakunan nan ba su yi wa Ekklesiya rowa ba. Godfiri ya sa firistoci 20 a majami'ar da ke bisa Kabarin Ubangiji, ya ba majami'ar ƙauyuka 21 kusa da Urushalima. Watau manoman ƙauyukan, 'yan ƙasa, su yi noma, a ɗebi rabo daga hatsinsu da inabinsu da man zaitunsu a kai wa firistoci. Baldwin ya roƙi Paparoma Paskal na II, aka ba Baitalami bishop nata wajen shekara ta 1110, abin da ba ta da shi a dā.

Wadda ta fi su duka buɗe hannu ita ce Sarauniya Melisanda. A 1138 ta karɓi Betanya, garin Li'azaru da Maryamu da Marta, daga hannun firistocin Kabarin, ta ba su Tekowa, garin annabi Amos, a madadinta. Ta gina wa mata masu-zaman zuhudu gida a wurin, da hasumiya mai-ƙarfi domin tsaro. Ta ba su Yariko da gonakinta, da kayan sujada na zinariya da azurfa. A zamaninta ne kuma aka sāke gina Majami'ar Kabarin, aka keɓe ta ran 15 ga Yuli, 1149, daidai shekara hamsin da cin birnin. Yawancin ginin da masu-ziyara su ke gani a yau na lokacin nan ne.

Kada mu ce dukan wannan riya ce. Cikinsu akwai masu-tsoron Allah gwargwadon hasken da su ke da shi. Dukiyan nan ta ciyar da baƙi, ta yi jinyar marasa-lafiya. Wani Bajamushe da ya ziyarci asibitin Yohanna Mai-tsarki a Urushalima ya rubuta cewa an gaya masa majinyata sun kai 2,000 a ciki. Amma mu lura da abu guda. Da Melisanda ta gama gidan Betanya, ƙanwarta Yobeta ce ta zama uwar gidan a 1144. Hannun da ya bayar shi ne ya nuna wanda zai zauna a kujera.

Igiyar da ke Cikin Kyautar

Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ga yadda askin ya kasance.

Sarki Baldwin na I yana da mata, 'yar Armeniya. Ya rabu da ita, ya sa ta gidan zuhudu, ba a kuwa kashe auren ba. Kuɗin biyan mayaƙa ya ƙare masa. Sai ya nemi auren Adelaida, gwauruwa mai-dukiya daga tsibirin Sisili. Ta iso a 1113 da jiragen ruwa cike da kaya. Wa zai ɗaura auren nan, matar fari tana da rai? Babban Bishop na Urushalima, Arnulf, wanda sarki ya goyi bayansa har ya hau kujerar, shi ya ɗaura. Mun san abin da Yohanna Mai-baftisma ya faɗa wa Hirudus a kan aure marar-kyau, mun san kuma abin da ya biya (Markus 6). Yohanna a jeji ya ke, fara da zuma ya ke ci, ba ya bin fāda bashin ko anini. Shi ya sa bakinsa ya buɗe. Arnulf kuwa tuwon fāda ya ke ci.

A 1115 wakilin Paparoma ya tuɓe Arnulf. Ya tafi Roma, aka mayar masa da kujerarsa a 1116, bisa sharaɗin ya raba auren da shi kansa ya ɗaura. A 1117 aka sallami Adelaida ta koma gida, dukiyarta ta riga ta ƙare. Ɗanta Roja, wanda daga baya ya zama sarkin Sisili, bai manta wulakancin nan ba, ya janye hannunsa daga taimakon Urushalima.

Har zaɓen Babban Bishop ma sai da ya koma fāda. Al'ada ta zama firistoci su miƙa wa sarki suna biyu, shi ya ɗauki ɗaya. A 1180 aka miƙa sunan Wiliyam, bishop na Taya, masani wanda ya rubuta tarihin mulkin, da na Haraklus. Sarki Baldwin na IV saurayi ne mai-ciwon kuturta. Mahaifiyarsa ta fi son Haraklus, shi aka ba. Mu riƙe sunan nan, za mu sāke gamuwa da shi.

Takardun Paparoma

Waɗanda ba su so su zauna ƙarƙashin sarki ko bishop na wurin suka nemi inuwa daga nesa. Ran 15 ga Fabrairu, 1113, Paparoma Paskal na II ya ba masu-hidimar asibitin Yohanna takarda, ya sa su ƙarƙashin kāriyarsa. Ya ce su zaɓi shugabansu da kansu, kada kuma a karɓi zakka daga gonakin da su ke nomawa. Paparoma na baya suka yi ta ƙara musu gata, har zuwa 1154 bishop ba ya da sauran iko a kansu sosai. A tsakanin nan kuwa sun zama mayaƙa masu-kagara da dukiya.

Wiliyam na Taya ya ba da labarin abin da ya biyo baya. Ya ce in Babban Bishop Fulka ya tashi yin wa'azi a Majami'ar Kabarin, sai mutanen asibitin, da ke maƙwabtaka da ita, su yi ta kaɗa ƙararrawarsu domin kada jama'a su ji. Wata rana har suka shiga da makamai, suka harba kibau cikin majami'ar. Aka tattara kiban, aka ɗaure, aka rataye su gaban wurin da aka gicciye Ubangiji. A 1155 Fulka, tsoho tukuf, ya ƙetare teku ya kai ƙara wurin Paparoma Adriyan na IV. Ya komo hannu wofi. Ku duba, 'yan'uwa: gidaje biyu masu suna ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa, ba su iya shirya tsakaninsu ba, gama kowane ya dogara ga babban da ke bayansa.

'Yan Ƙasa Fa?

Tun kafin Turawan nan su zo akwai masu-bi a ƙasar, tun zamanin manzanni: masu-sujada da Helenanci da Larabci, da Suriyawa, da Armeniyawa. Sun yi fiye da shekara 400 ƙarƙashin mulkin Musulmi, wani lokaci da sauƙi, wani lokaci da tsanani, ba su kuwa ɓace ba. Da baƙin suka ci birnin, suka ɗauki kujerar Babban Bishop da manyan majami'u, suka sa nasu mutane masu-sujada da Latin. Da fari har an kori firistocin 'yan ƙasa daga Majami'ar Kabarin, daga baya aka bar su suka komo. Melisanda, wadda uwarta 'yar Armeniya ce, ta yi musu alheri. Duk da haka su ne a ƙasa, baƙi a bisa. Ƙauyuka da takardu na baƙi ne.

Ranar da Sarki Ya Fāɗi

A 1184 Haraklus ya tafi Turai neman gudummawa. Ya ga Paparoma, ya ga sarkin Faransa da na Ingila, ya miƙa mabuɗan birnin da na Kabarin. Ba sarkin da ya biyo shi. Ran 4 ga Yuli, 1187, Salahuddin ya ragargaje rundunar mulkin a Hattin, kusa da Tekun Galili, ya kama sarki. Ran 2 ga Oktoba Urushalima ta ba da kai.

Salahuddin bai rama kisan 1099 ba. Ya sa fansa: namiji dinari 10, mace 5, yara ƙasa da haka. Aka tara dinari 30,000 aka fanshi matalauta 7,000. Ɗan'uwan Salahuddin ya roƙi bayi 1,000, ya 'yantar da su. Haraklus ma ya roƙa aka sakar masa waɗansu. Amma marubutan Larabawa sun ce ya biya dinarinsa 10, ya fita da kaya niƙi-niƙi na zinariya da azurfar majami'u. Fādawan Salahuddin suka ce a ƙwace, shi kuwa ya ƙi karya alkawarinsa. Magatakardansa ya ƙidaya mutum 15,000 da suka rasa abin fansa, aka kai su bauta. Makiyayi ya tsira da kwanukan bagade, tumaki suka tafi da igiya a wuya.

Ƙauyukan 21 suka fita daga hannun firistoci. Matan Betanya suka gudu. Majami'ar Hannatu Mai-tsarki, wadda gidan sarauta ya wadata, ta zama makarantar shari'ar Musulunci a 1192, rubutun kuwa yana bisa ƙofarta har wa yau. Ragowar mulkin ya lallaɓa a bakin teku har Akka ta fāɗi a 1291. Amma 'yan ƙasa, waɗanda ba a ba ƙauye ko takarda ba, aka bar su cikin birnin, suka ci gaba da sujada. Zuriyarsu tana can har yanzu, ko da shi ke sun ragu ƙwarai.

Abin da Za Mu Koya

Cikin karatunmu na fari, Amaziya firist na Betel ya kori Amos, hujjarsa kuwa ita ce wurin sujadar na sarki ne. Gaskiya ya faɗi, shi ne kuwa ciwon. Ɗakin sujadar da ya zama na sarki ba ya da wurin annabi.

Amma Litafi Mai-tsarki bai hana karɓar kyautar manya ba. Ezra ya karɓi azurfa da zinariya daga sarkin Farisa. Ku dubi yadda ya yi. Ya ji kunyar roƙon mayaƙan rakiya, gama ya riga ya shaida wa sarki cewa Allah ne mai-kiyaye su, sai ya sa azumi da addu'a. Sa'an nan ya auna dukiyar a hannun firistoci goma sha biyu, da suka isa Urushalima aka sāke aunawa, aka rubuta. Ya karɓi kyautar sarki, bai sa begensa ga sarki ba.

Saboda haka ga shawararmu ga dattawa. Na ɗaya, in kyauta ta zo, a tambaya a fili ko akwai sharaɗi. In mai-bayarwa yana so ya zaɓi pasto, ko a kawar da ido daga zunubinsa, ko a kira sunansa a bagade gab da zaɓe, a mayar masa da ladabi. Na biyu, a ƙidaya a gaban shaidu, a rubuta, a karanta wa jama'a. Na uku, kada mu ɗora ginin da baikonmu ba zai iya riƙewa ba ranar da mai-taimako ya janye, ko ɗan gari ne ko na ƙetaren teku. Guntun gatarinka ya fi sāri ka ba ni. Na huɗu, in rigima ta tashi tsakaninmu, mu zauna mu shirya, kada kowa ya ruga neman babba a waje.

Kowane dattijo ya tambayi zuciyarsa: akwai mutum cikin Ekklesiyarmu wanda ba mu iya tsauta masa saboda kwanon rufin nan nasa ne? In akwai, mun fara aski ke nan. Gara majami'ar jinka inda a ke faɗin gaskiya da ta dutse inda aka ɗaure bakin mai-wa'azi.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji, kai ka sayi Ekklesiya da jinin Ɗanka, ba wani mai-ita sai kai. Ka sa albarka ga masu-bayarwa da zuciya ɗaya, manya da ƙanana. Ka ba bayinka hikimar karɓa da ƙarfin halin ƙi. Ka kiyaye mu kada mu fifita kayan ɗakinka bisa tumakinka. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.